Ƙararrawar Dattijo

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Kamaluddeen bakin gulbin Jega, wai an sace ƙararrawar Dattijo. Haka 'yan gari ke kiran tsohon jirgin hayaƙin nan mai ƙatuwar ƙafa a kowane gefe, wadda a da take juyawa tana kaɗa ruwa. An ce da damina ya hauro zamanin Turawa don ɗaukar gyaɗa da fatu, ruwa ya janye ya bar shi a bakin fadama, bai sake motsi ba.

Satar ba ƙarama ba ce. Ranar Alhamis masu kula da kayan tarihi za su zo duba jirgin, kuma a jikin ƙararrawar kaɗai aka zana sunansa da shekarar da aka ƙera shi. In babu ita, Dattijo tarin tsatsa ne, dattawan unguwa kuwa sun riga sun ce in baƙin suka ƙi shi, a yanka shi kowa ya huta.

Sufeto ya tarar jama'a sun yi wa Malam Arzika zobe. Shi ne tsohon da ya shekara arba'in yana share jirgin yana shafa masa baƙin mai, ba wanda ya sa shi. Yau su da ba su taɓa kawo masa ko tsintsiya ba, su ke kiransa ɓarawo. Abin ya ƙona wa Sufeto rai, ya kore su, ya hau jirgin.

Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da ƙararrawar. Ba a yanka ko ɗaya ba. An kwance su da sifana, kuma kowane noti na tagulla an mayar da shi kan ƙusarsa an murɗa.

"Baba, miƙo hannunka," in ji Sufeto.

Tsoho ya miƙa. Yatsun sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, suna rawa.

"Ko maɓallin riga ba ni iya sawa, Yallaɓai. Amma ɗaure ni, tunda shi sunka taru su gani."

"Wa ke son jirgin nan ya tashi?"

"Jabir mai gwangwan na Maiyama. Sau ukku yana tahowa."

A Maiyama, Jabir bai ko tashi daga kan tarin ƙarafansa ba. Kallon banza ya bi kakin Sufeto da shi.

"Duk abin da yab ɓace sai a taho wurin mai gwangwan. Bincika, ga hili nan."

"Da kai ne, yaya za ka cire ta?"

"Zarto. Wa ke da lokacin sifana?"

"Notin tagulla fa?"

"In bar tagulla in tahi? Ka raina sana'ata, Yallaɓai."

Mutumin ba shi da ladabi ko na miskala zarratin, amma gaskiya ya faɗa. Sufeto ya koma Jega ya tambayi Arzika ƙasar wa jirgin yake zaune a kai.

"Gadonmu ta, ni da ƙanena marigayi. Rabonshi na hannun ɗanshi Yari, mai gyaran injin ban-ruwa Aliero. Ya so mu shuka albasa wurin, ni ƙiya. Shekara biyu ba ya gaishe ni."

Sufeto ya cire kaki ya tafi Aliero, ya zauna a bencin rumfar Yari kamar mai jiran gyara. Yari na warware injin wani manomi. Duk notin da ya kwance, da ya zare ƙarfen sai ya mayar da shi kan ƙusarsa, ko kallo ba ya yi.

"Me ya sa ba ka tara su a gwangwani?" in ji Sufeto.

"Kai baƙo na. Mu cikin hwadama muka aiki. Noti yah hwaɗi cikin laka, ya tahi ke nan."

"Ko a kan jirgi haka kake yi?"

Sifanar ta tsaya a hannun Yari.

"Ni ne Sufeto Kamaluddeen. Mai gwangwan yanka yake yi, kuma ba ya barin tagulla. Baffanka ba ya iya riƙe sifana. Wanda ya cire ƙararrawar ba sayar da ita yake so ba, so yake baƙi su zo su tarar da gwangwan, a yanka jirgi, fadama ta fito. Ka yi dabara, sai dai hannunka ya yi aikin da ya saba. Ina take?"

"Ƙarhen banza ya zamne mani bisa gona tun ina jinjiri," in ji Yari, idonsa ya kaɗa. "Ɗiyana za su ci tarihi?"

A ƙarƙashin albasa aka tono ta, cikin rumfar ajiyarsa.

Da la'asar aka kawo shi bakin gulbi da ankwa, don ya nuna yadda ya yi. Masu zagin safe sun dawo, yanzu Yari suke zagi, ba ko kunya. Sufeto ya ja Arzika gefe.

"Baba, ɗanka ne. In kana son sulhu, faɗa mini."

"Kwance mashi hannu, ka ba shi sifana. Ba mai ɗaure ta daidai in ba shi ba."

Yari ya hau ya ɗaura ta, noti huɗu, ya matse kowanne sosai. Da ya sauko sai ya durƙusa, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Baffa."

Arzika bai dube shi ba. Sai ya dubi Sufeto.

"Yana nan tsaye da safe, kahin ka iso, sadda anka ce mani ɓarawo, Yallaɓai, bai ce komi ba. Ya gama aikinai. Tahi da shi."