Zabarjadi a Garwashi

"Kwanta! Kwanta na ce, tsohon banza!"

Hashimu ya danna wa Alhaji Madu bakin bindiga a ƙeya. Rana tsaka ce, kaka ta yi, duk ƙauyen na gona ana yankan gero. Alhaji da mai gadinsa kaɗai suka tarar a gida. Ga mai gadin can a zaure cikin jini, aikin Ikrima, ogansu.

"Hashimu?" in ji Alhaji. "Kai da ka ci tuwo a gidan nan?"

"Na ci tuwo, na sha mari! A tsakiyar kasuwar Dawanau, gaban 'yan dako. Miƙo hannun!"

Zoben da ke yatsan Alhaji ya ƙi fita. Hashimu ya murɗe yatsan har ya yi ƙara.

Ga shi a tafinsa. Dutsen da ya hana shi sukuni tun yana ɗaukar wa Alhaji buhunan wake. Kore ne irin na tohon gero bayan ruwan fari, da ɗan rawaya a ciki kamar an ɗiga masa man gyaɗa. Garau, ba tabo, ba duhu. Ko a inuwa haskensa bai mutu ba. Zabarjadi, haka Alhaji ke kiransa, tsarabar Makka.

"Durowar kuɗin fa?" in ji Tasi'u, na ukunsu.

"Bar ta! Wannan ya fi gidan kaf. Mu tafi!"

A kan babura suka keta gonaki, ƙura ta tashi. Kafin su kai titi jiniya ta riga su.

A mararraba, Sufeto Mudassir ya diro daga mota. "Ku datse hanyar Ɗambatta! Suna cikin dawa. 'Yan sintiri su bi sawun taya."

Can ƙuryar wata gonar dawa suka sami bukka. Manoma sun gasa gyaɗa sun tafi, garwashin bai mutu ba. Tasi'u ya karɓi zoben, ya ɗaga shi sama, ya tuntsire da dariya.

"Baaba, wannan ai gindin kwalbar lemo ne!"

"Rufe mana baki, jahili," in ji Hashimu.

"Ni ne jahili? Kan wannan muka bar durowa! Oga, wallahi gabarsa da tsohon ce ta kawo mu, ba harka ba."

Ikrima bai yi dariya ba. Ya ɗora bindiga a cinya.

"Na kashe mutum yau, Hashimu. In kan kwalba ne, kai ne na biyu."

"To a gwada mana!" Jijiyar wuyan Hashimu ta miƙe. "Yadda ake yi wa zinare. Abin gaskiya ba ya tsoron wuta."

Shi da kansa ya fizge zoben. Shi ya tura shi cikin garwashi, ya durƙusa yana hurawa har idanunsa suka kawo ruwa. Koren ya yi ta ƙyalli cikin jan wuta, bai narke ba, bai yi baƙi ba. Ya zaro shi da kara.

"Ka gani, ɗan iska? Kwalba za ta yi haka?"

"Bari ya huce mu duba," in ji Tasi'u. Ya ɗauki butar manoman ya tsiyaya.

Ƙas!

Dutsen ya dare. Ɓari guda ya faɗa toka, wanda ya rage ya yi fari da tsaga.

"Oga, tsaya, wallahi —"

Tau!

Hashimu ya zube a bakin bukka, hannu dafe da cikinsa. Ƙarar ce ta tona su. Karan dawa ya soma karyewa ta ko'ina.

"Ga su nan! Kar wanda ya motsa!"

Tasi'u ya zura, harsashi ya tsayar da shi tsakanin kunya biyu. Ikrima ya yar da bindiga, 'yan sintiri suka rufe shi da gora.

Hashimu na kwance, sama na juyawa, aka iso da Alhaji Madu, yatsa naɗe da tsumma. Tsohon ya tsuguna, ya tsinci ɓarin daga toka, ya hure.

"Inna lillahi. Wane mahaukaci ne ya sa zabarjadi a wuta, ya bi shi da ruwan sanyi? Ni ko ruwan zafi ba na bari ya taɓa shi."

"Na gaske ne, Alhaji?" in ji Sufeto.

"Irinsa ban ga na biyu ba a Kano."

Hashimu ya yunƙura, ya juya kai wajen Ikrima da ke ɗaure a ƙasa. Jini ya cika masa baki.

"Ka ji ko... shege? Ka ji?"

Daga nan numfashinsa ya ɗauke. Mota guda ta kwashi gawar Tasi'u da ta Hashimu. Ta mai gadi kuwa, ana yin la'asar aka sallace ta.