Farin Zane Daga Wurno

Habi ba ta so zuwa Wurno ba. Kakarta Tani ce ta matsa, wai sai ta ga marinar marigayi mijinta kafin ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da dawowar sojojin Bama ba, yadin kanti ya cika kasuwanni tun daga Rabah har Goronyo. Suka taso daga Rimawa, tsohuwa bisa jaki, Habi na biye tana ƙunƙuni.

Kufai suka tarar. Ramukan rini na nan jere, wasu ƙasa ta cike su, tumfafiya ta tsiro cikin wani, akuya ta kwanta cikin wani tana tuƙa. Rumfunan masaƙa duk sun zube sai guda. Kaka Tani ta tsaya bakin wani rami tana kallon cikinsa. Habi ta rasa inda za ta sa kanta, ta yi gaba tana harbin tsakuwa, sai ta ji ƙafarta ta sarƙe da wani abu.

"Ke ɗiya, a hankali. Kin taka mani zare."

Saurayi ne zaune a rumfar da ta rage, ƙoshiyar saƙa a hannunsa. Ta dube shi, ya dube ta.

"Kai ka shimfiɗa shi bisa hanya," in ji ta.

"Hanyar ga awaki ka bin ta. Ke ta farkon mutum."

Don ta ɓoye kunya sai ta duƙa ta murza zaren. "Wa yak kaɗa maka wanga? Duk ƙulli."

"Kin iya wanda yaf fi shi?"

"Ko ina barci."

Ya yi dariya, ya taso ya durƙusa ya gaida Kaka Tani. Sunansa Maccido. Ya ce masaƙan unguwar duk sun koma noman albasa, marina kuwa tun yana yaro aka bar ta, shi kaɗai ya ƙi tashi. Da za su tafi ya riƙe wa tsohuwa jaki, amma idonsa ba a kan jakin yake ba.

Tun daga ranar Habi ta rasa sukuni. Ta ɗora tukunya ta manta, ta je rijiya ta dawo ba guga. Mazari kaɗai ke zaunar da ita. Ta kaɗa zare siriri mai santsi, ta ba Asabe dillaliya, wadda ke cin kasuwannin Goronyo da Wurno, ta ce, "Ki ce mashi ga zaren mai barci."

Asabe ta dawo da amsa, ta kwaikwayi har muryarsa da sunan da ya laƙaba wa Habi: "Ki ce ma Ta-Kaka na ga zare. Ki ce mata tun da nis sa shi ga masaƙa bai tsinke ba, ni kau barcina ya tsinke. In Baba ya yarda, ina son in zo gaisuwa."

Ya zo, ya sake zuwa. Da la'asar suke zama a zaure, ita tana wasa da bakin mayafi.

"Masaƙin awaki, ba ka gajiya da tafiyar ga?"

"Ina gajiya, Ta-Kaka. Wurin komawa."

Sai dai Malam Isa, mahaifin Habi, bai yi na'am ba. Shi ɗan marini ne, a bakin ramin nan na Wurno ya tashi, da idonsa ya ga yadda sana'ar ta mutu a hannun ubansa, har ya kwaso iyali suka dawo Rimawa noma. Ko zancen rini ba ya so a yi a gabansa.

"Ban ƙi yaron ba," ya ce wa uwarsa, Kaka Tani. "Amma na san mi ke cikin gidan da kanti yak kashe ma sana'a. Ba ni kai ɗiyata can."

Ga kuma Yari, mai sayar da atamfa a Rabah, yana zuwa bisa keke yana kaɗa ƙararrawa tun daga bakin gari. Malam Isa bai ce ya ba shi ba, bai kuma hana shi zaure ba. Habi takan fito ta gaishe shi ta ce kanta na ciwo.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Kaka Tani, gida ya cika da masu dubiya. A ranar ce Asabe ta aiko da ƙunshi daga Wurno, ita ta wuce kasuwa ba ta tsaya ba. Habi ta kwance shi a tsakar gida, mata na kallo. Zane ne saƙar hannu, fari fat, ko ɗigon launi babu.

Mata suka dubi juna. Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Innalillahi. Likkafani tun da rai?"

Malam Isa ya fito ya ga zanen, ya dubi ɗakin da uwarsa ke kwance, fuskarsa ta canja. Ya naɗe shi ya shige da shi turaka.

Habi ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta gane zarenta ne, shi ya fi ƙona mata rai. Da Asabe ta biyo washegari, ta ce mata, "Ki ce mashi na gode. Kar shi ƙara aiko ki."

Asabe ta dafe kai. "Ni na yi laifi, ɗiyar nan. Da saƙo ya haɗo shi, sauri yas sa ban tsaya ba. Cewa yay yi: ki ce ma Ta-Kaka ga zarenta ya zama zane. Babu marini ko guda Wurno, ban kuma yarda hannun baƙo shi taɓa shi ba. Ta faɗi launin da taka so, ko ina za ni nemo."

Habi ta zauna daɓas. Ta so ta yi dariya, kuka ya sake zuwa. Amma wa zai tunkari Malam Isa da wannan bayani? Yari kuwa ya ji labari, ya riƙa faɗa a kasuwa cewa an kusa sa masa rana.

Da maganar likkafani ta kai kunnen Maccido, bai ci abinci ba ranar. Ya ɗauki fartanya ya nufi ramin da ya ga Kaka Tani ta tsaya a kai. Ya yashe shi, ya liƙe tsagar bangon, ya nemo ganyen baba na rini daga ƙauye, ya zuba ruwa da toka yadda ya ji tsofaffi na faɗa. Kwanaki yana motsawa, ruwan ya ƙi kamawa. Ya tsoma tsumma, ya fito kamar an wanke shi a kududdufi. Mutane suka riƙa tsayawa suna cewa masaƙi ya taɓu.

Kaka Tani ta fara samun sauƙi. Malam Isa ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, ya saɓa zanen, ya ce zai mayar da shi da hannunsa, ya kashe maganar. Habi ta bi shi har bakin zaure.

"Baba, don Allah..."

"Koma ciki."

A Wurno, bakin ramin ubansa, Malam Isa ya tarar da Maccido, jiƙe da gumi, yana dama ruwa da sanda. Ya yi niyyar ya jefa masa zanen ya juya. Warin baba ya buge shi, ya tsaya.

"Wa yab ba ka izinin taɓa ramin ga?"

Maccido ya durƙusa. "Baba, ku gafarce ni. Wallahi ban yi nufin sharri da zanen ba. So nike in rina shi."

"Da wanga ruwa?" Malam Isa ya leƙa, ya shinshina. "Tokar mi kas sa?"

"Ta murhu."

"Ta murhu. Tuwo za ka yi?" Ya yi tsaki, ya juya zai tafi, ya kai bakin hanya, ya dawo. "Kuma ba haka aka riƙe muciya ba. Kana dama shi kamar kunu. Kawo nan."

A Rimawa Habi ta kasa zaune ta kasa tsaye. Baba ya ce kwana guda zai yi, ga shi an yi Juma'a bai dawo ba. Ta leƙa hanya ta dawo, ta ɗau mazari ta ajiye. Ko sun yi faɗa? Ko an kai su gaban alƙali? Ko ya zarce Rabah wurin iyayen Yari? Kaka Tani na zaune a tabarma tana shan kunu, ta ce, "Ki zauna, kina sa ni jiri."

Da hantsi Malam Isa ya iso. Ya yi sallama, hannuwansa duka biyu cikin aljihun riga, ƙunshi a hammata. Habi ta kawo ruwa ta durƙusa. Ya daɗe bai karɓa ba. Da ya miƙo hannu, shuɗi ne har gwiwar hannu, farce baƙi ƙirin.

Kaka Tani ta kalli hannun, ta sa bakin zane ta share ido. "Isa, hannun ubanka."

"Yaron bai iya komi ba, Inna," ya ce, yana kallon gefe. "Da na bar shi da ya ɓata ramin." Ya ajiye ƙunshin gaban Habi. Zanen ne, ya koma shuɗi mai duhu, an buge shi yana ƙyalli. "Amma ba shi da ƙiwa. Na ce mashi shi turo magabatanshi."

Habi ta rungume zanen ta ruga ɗaki, mata suka bi ta da guɗa.

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Yari bai zo ba, amma ya aiko da goro. Da za a kai amarya Wurno, Kaka Tani ta kama hannunta ta sa a na ƙanwar uban ango, ta ce, "Ga amana. Allah shi ba su zaman lafiya, shi sa albarka ga abin da za su ci da wanda za su haifa."

Da jama'a suka watse, Maccido ya tsaya bakin ƙofa yana murmushi.

"Ta-Kaka, har yau ba ki faɗa mani launin da kika so ba."

Ta ɗago mayafi kaɗan. "Ja nika so."

Ya dafe ƙeya. "To, sai mu sake kiran Baba."