Batirin Wayar Malam Sha'ibu

Ranar da Munira ta shigo ofishin ƙungiyar manoma a Zango, ko zama ba ta yi ba.

"Wa ya haɗa manhajar saƙon nan?"

Kassim ya ɗago daga ordinatarsa, wato kwamfuta. "Ni ne."

"Sau uku babana ya aiko daga Zermu cewa tsutsa ta shiga gero. Shiru. Rabin gona ya tafi."

Shugaban ofis ya yi hamma. "Mutanen ƙauye ba su iya waya ba."

Halinmu ke nan: a ɗora wa na nesa laifi, a koma shan shayi. Kassim dai ya karɓi lambarta, wai don bincike. Binciken bai je ko'ina ba, soyayya ta yi nisa.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Malam Sha'ibu, ya ƙi. Wanda ya yi banza da kukan manomi ba zai zama surukinsa ba, ga Abdulaziz, ɗan ƙanensa, yana jira.

Ran Laraba ta rubuto: "Injiniyana, Baba ya ce ya aiko maka amsarsa ta manhajarka. In ba ka gani ba kafin Juma'a, zai ba Abdulaziz aurena."

Ya duba akwatin saƙo, wayam. Ya kira ta.

"Sanyin idona, ina wayar Baba?"

"Ga ta. Yanzu aka kawo batirin daga wurin mai caji."

"Cire shi yake yi?"

"Kowa cirewa yake. Ina muka ga wuta?"

"Mayar da shi. Wane kwanan wata ta nuna?"

"Ɗaya ga Janairu, 2015."

Kassim ya dafe kai. Duk cirar batiri, agogon waya yana komawa baya. Manhajarsa kuma ta yarda da agogon, tana binne sabon saƙo cikin tsofaffi. Ya gyara ta, ta riƙa bin lokacin isowar saƙo.

Saƙonni ɗari huɗu suka fito. Ga ukun Malam Sha'ibu kan tsutsa, ga na huɗunsa:

"Yaro, in ka ga wannan, turo magabatanka. Amma ka fara amsa wa mutane."

Yinin Alhamis ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da neman gafara. Juma'a magabatansa suka isa Zermu.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Sha'ibu ya riƙe hannun ango.

"Allah ya yi muku albarka. In ta yi magana, ka ji ta a ranar."