Ƙanzon Barakatu

"Bismillahi... Ya Allah ka rufa min asiri!"

Barakatu ta ɗora tire a bakin tukunya, ta runtse ido, ta kife ta gaba ɗaya. A hankali ta ɗaga tukunyar, sai ta saki ihu har da tsalle.

"Inna! Inna zo ki gani, ya fito!"

Ya fito kuwa. Shinkafa ta zauna a tire dunƙule kamar kek, samanta ya soyu jawur ko tsagewa bai yi ba, ƙamshin man shanu ya cika tsakar gida.

Inna ta leƙo ta dubi tiren, ta dubi 'yarta.

"Yau na ga ikon Allah. Ƙanzo kike wa wannan murnar?"

"Haba Inna, da gangan ake yin sa fa. Girkin mutanen Iran ne."

"Ko na mutanen sama ne, ni dai ƙanzo idona ya gani. Wannan za ki aika gidan surukai?"

Ai kuwa shi za ta aika, kuma kowa ya san Barakatu in ta ƙulla abu a ranta sai ta ga ƙarshensa. Saurayinta Zakiyyu ne ya jawo. Tun da ya je sarin darduma Dubai ya ci shinkafar nan a shagon wani Ba'irane, ba ya zuwa zance bai yi mata labarinta ba. Ita kuma ta bi waya tana koyo, ta ƙona tukwanen Inna har sai da hannunta ya faɗa.

Matsalar ɗaya ce, mahaifiyarsa Hajiya Maiturare. Ta hana a turo magabata neman aure, wai 'yar boko ce, hannun da ya saba da biro ba zai riƙe muciya ba. Ga kuma Murjanatu 'yar ƙanenta da ta riƙe a gidan tun tana ƙarama, wadda ta daɗe da sa ran Zakiyyu nata ne. Da kyar ya lallaɓa Hajiya da azumi ya kama, ta yarda ta karɓi kwanon buɗa-baki daga hannun Barakatu.

Tun azahar take fama. Ta jiƙa shinkafa da gishiri, ta tsame ta tana rabin dahuwa, ta kwaɓa kaɗan da kindirmo da kurkur ta shimfiɗa a gindin tukunya kan man shanun Mashi. Ta naɗe murfi da tawul, ta rage gawayi. Kazar da za ta haɗa da shinkafar kuwa ta sha citta da kanumfari da girfa da lemun tsami. Duk da hanci ta auna komai, bakinta da azumi ba damar ɗanɗanawa.

Bayan la'asar Zakiyyu ya yi sallama a zaure. Ta zura hijabi ta fito da tiren, ta ɗan ɗaga murfin.

"Kai! Kai! Sahibata, ke kika yi wannan?"

"A'a, daga Dubai aka aiko."

"Wallahi sak! Kina so ki karya min azumi ne?"

Ta rufe fuska tana dariya, sai kuma ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Zaki... ka fa yi wa Hajiya bayani kafin ta buɗe."

"Kwantar da hankalinki zuciyata, an gama."

Namiji ke nan! Yana ajiye tire a gidansu aka kira magariba, ya ɗauki dabino ya yi masallaci, bayani ya bi iska.

Barakatu ta idar da magariba tana shan kunu ta ji sallama mai zafi a tsakar gida. Hajiya Maiturare ce da kanta, Murjanatu na bayanta ɗauke da tiren, tana wani yatsina. Zakiyyu kuwa yana zaure ya kasa shigowa.

Barakatu ta ajiye kofin kunu. Ta zube a ƙasa.

"Hajiya barka da shan ruwa..."

Ko kallonta Hajiya ba ta yi ba. Inna ta shimfiɗa mata tabarma.

"Ba zama ya kawo ni ba. Murja, buɗe ta gani."

Murjanatu ta yaye murfin da sauri.

"Ni ma dai na ce wa Gwaggo, a gidanmu kaji ake jiƙa wa wannan. Kuma don raini har a sama aka ɗora shi."

"Ni za a aiko wa ƙanzo?" in ji Hajiya. "Duk Daura a rasa wadda za a kankare wa gindin tukunya sai ni? Tun ba a shigo gidana ba?"

Hawaye suka zubo wa Barakatu. Shi ke nan, ta rasa Zakiyyu, kuma da hannunta.

"Ki yi haƙuri Hajiya, wallahi ba raini ba ne. Su masu girkin, babban baƙo suke fara ba wa saman nan. Wanda suka fi girmamawa..."

"Ji ƙarya!" in ji Murjanatu.

"Girmamawa da ƙonannen abinci?" Hajiya ta ɓalli gefe ɗaya, ya ce ƙaras. Ta nuna wa Inna. "Dubi nan fa! Ɗacinsa kaɗai ya isa..."

Ta jefa a baki don ta kafa hujja.

Ta tauna. Ta ƙara taunawa. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙurus-ƙurus.

"Yaran yanzu ba su da ta-ido," ta ci gaba, hannunta ya koma tire. "Mu a zamaninmu... me kika sa a ciki?"

"Man shanu da kindirmo, Hajiya."

"Hmm. Mu a zamaninmu ko inuwar suruka..." Ta ɓalli wani babba, ta haɗa da cinyar kaza, ta nemi tabarmar da ta ƙi ta zauna.

Murjanatu ta zaro ido.

"Gwaggo! Ci fa kike yi!"

"To da zubarwa zan yi, cikin watan azumi? Matsa min daga haske."

Inna ta kau da kai tana danne dariya. Barakatu ta ɗago ido a tsorace, ta ga rabin saman shinkafar ya tafi. Murna da kuka suka haɗe mata, ta rasa wanda za ta fara.

Hajiya ta suɗe yatsa, ta dube ta sosai a karon farko.

"Da azumi a bakinki kika yi wannan, ba ki ɗanɗana ba?"

"Eh Hajiya."

"Share hawayenki, 'yata. Ni ce na yi gaggawa." Ta ɗaga murya tana duban zaure. "Kai kuma munafuki, na san kana jina! Ka gaya wa baffanninka su shirya, bayan Salla za su zo."

"Allahu Akbar!" Muryar Zakiyyu ta cika zauren, har da tafi.

Barakatu ta cusa fuska a hijabi, dariya na ƙwace mata.

Hajiya ta jawo tiren gabanta ta dubi Inna.

"In kun tashi jere, ko me za ku manta ku manta. Amma tukunyar nan, ku tabbata ta biyo ta."