Sunan da Ke Kan Takardar Faldela

Ranar da Sedick ya fara ganin Faldela, masifa take zazzaga masa. Ya ɗaure igiyar jirginsa na kamun kifi a jikin wani ƙarfe a tashar jiragen ruwa ta Kalk Bay da ke Cape Town, ashe na'urar auna tsayin ruwan teku ce, kuma tata ce.

"Kai mai kifi, wa ya ce maka turke ne? Awon sati uku ka ɓata min!"

"Allah ya huci zuciyarki. Ruwan ai bai gudu ba, ki sake aunawa."

"Da ma guduwa yake da na ji daɗi. Tahowa yake. In ƙanƙarar ƙarshen kudu ta ci gaba da narkewa, jikokinka da jirgi za su shiga falo."

"Jikokina ni da wa?"

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata. Washegari sai ga shi da ƙyafaffen kifin snoek na ban haƙuri, kuma haƙurin nan bai gama bayar da shi ba har wata takwas. Yana ce mata Ƙanƙarata, ita kuwa ba ta taɓa ƙara masa girma daga Mai Kifi ba.

Mahaifinta, Boeta Armien, tsohon tela ne a unguwar Bo-Kaap, kuma ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar mahaifiyarta. Dokta Tauriq yake so mata, don likitan ya yi alkawarin raba ta da zuwa Antaktika, yankin ƙanƙarar ƙarshen kudu inda take aikin bincike. Da Sedick ya je gaisuwa, tambaya ɗaya tsohon ya yi masa.

"In na ba ka ita, za ka hana ta tafiya?"

"A'a, Boeta. Aikinta ne, ba zan iya ba."

"To ba sonta kake ba. Tashi ka ba ni wuri."

A watan Disamba jirgin masu bincike ya ɗaga da ita, tafiyar wata uku. Kafin ta hau ta tsayar da Sedick, fuskarta ba wasa.

"Akwai dokar sansaninmu da nake so ka sani. In wani ya yi haɗari, ana yanke layin kowa har sai an sanar da danginsa, don kada su ji a bakin duniya. Sunan Baba ne a takardata, da lambar wayar gida. In ka ji shiru, ka roƙi Allah kada wayar nan ta yi ƙara."

Kullum bayan la'asar saƙonta yake shigowa.

"Mai Kifina, yau mun haƙa rami mun zaro ƙanƙarar da ta girmi kakan kakanka. Rana ta ƙi faɗuwa, da agogon Cape Town nake salla. Ina kewarka."

"Ƙanƙarata, ki ɗaure igiyarki da kyau. In ba ki iya ƙulli ba ki ce, in zo."

Ana nan Dokta Tauriq ya tare shi a tasha, ya faɗa masa har da murmushi cewa Boeta ya sa musu rana. Kishi bai da hankali. Sedick ya rubuta mata: "Ashe an sa miki rana ban sani ba? Allah ya sanya alheri."

Ba amsa. Ya ce fushi take, ya ma ɗan ji daɗin ya ƙona mata rai. Sai da safe matar makanikin sansanin ta kira shi.

"Sedick, ka ji daga Faldela? Ni tun jiya ban ji daga mijina ba."

Nan take ya tuna dokar sansanin. An yanke layi ke nan, su goma sha biyu ne a can, kuma maganar da ya bar mata ta ƙarshe ita ce waccan mummunar.

Bai tsaya cire takalmin roba ba ya nufi Bo-Kaap. Boeta Armien ya buɗe ƙofa ya dube shi sheƙeƙe, amma da ya ji bayanin sai ya dafa bango. Suka zauna a falo, tsohuwar wayar gida tana kan tebur a tsakaninsu.

Da azahar ta yi ƙara. Tsohon ya yi wuf ya ɗauka.

"Koelsum! Yanzu don Allah a kan tukunya kika kira ni? Ajiye min waya!"

Ƙanwarsa ce. Ya kife wayar ya fashe da kuka, Sedick ya zuba masa shayi. Dokta Tauriq ya leƙo, ya ce ai ya faɗa tun farko, ya duba agogo ya koma asibiti.

Bayan fitarsa Sedick ya ce, "Boeta, da gaske an sa rana?"

"Wace rana? Yarinyar da ta ce ko kai ko ta mutu ba aure?"

Kalmar mutuwar nan ta faɗo ɗakin, duk suka juya suka kalli wayar.

Rana ta uku da hantsi wayar ta sake ƙara. Boeta Armien ya miƙa hannu ya kasa.

"Ɗauka, ɗana. Ni ba zan iya ba."

Shugaban sansanin ne. Ya ce ƙanƙara ta rufta da Faldela cikin wani rami mai zurfi, igiyar da ta haɗa ta da abokiyar aikinta ce ta riƙe ta. Guguwa ta tsare su kwana biyu a tanti kafin a iya ɗauko su. Ƙafa ta karye, amma tana da rai. Sai ga wata siririyar murya.

"Baba?"

"Ni ne, Ƙanƙarata. Ki yafe min saƙon nan."

"Mai Kifi? Me kake yi a gidanmu?"

Tsohon ya fizge wayar. "Gadin ubanki yake, kwana uku, ya cika min falo da ƙarnin kifi! Ki saurara, Faldela. Ki goge sunana daga takardar nan, zuciyata ba za ta sake ɗaukar wannan ba. Ki sa nasa."

"Baba, ai sai dangi ko miji ake sawa."

"Na sani. Kin ɗauka ban san abin da nake faɗa ba?"

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Boeta Armien da kansa ya ɗinka rigar amarya, ya ƙara mata tsawo don ta rufe sandar da take dogarawa. Ya haɗa hannuwansu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su jikokin nan da ruwa ba zai ci gidansu ba. Kowa ya ce amin.

Da Disamba ta zagayo Faldela ta koma kan ƙanƙararta, sunan Sedick a takarda. Sai dai kullum kafin la'asar za ka ga tsohon ya sauko daga jirgin ƙasa a Kalk Bay, ya zauna kusa da surukinsa, su zuba wa wayar ido tare har saƙon ya shigo.