'Yar Hoto Ta Ƙi Kuka

Ranar da aka fitar da teburin 'Yar Hoto daga ofishinta, ba a sha wahalar nema masa wuri ba. A baranda aka dire shi, tsakanin ƙofar ban ɗaki da injin kwafi, daidai ƙarƙashin hotonta. Wayyo duniya! Ita ce shugabar ayyuka ta gidauniyar nan, ita ke sallamar motocin magani, ita ke bin masu haƙa rijiya har su ga ruwa, amma yau ga ta tana janye ƙafa don masu uzuri su wuce...

Hoton na wata ƙaramar yarinya ne, hawaye shaɓe-shaɓe, hannun dama naɗe da bandeji. An ɗauke shi ranar da gwaggonta ta yar da ita a ƙofar gidan marayun gidauniyar, bayan ta tsoma mata hannu a tafasasshen ruwa saboda ta taɓa kwanon da ba nata ba. Tun daga nan babu ma'aikacin da ya kai hoton nan ƙwazo. Ya gina azuzuwa, ya sayi motoci, bai taɓa neman hutu ba. Yarinyar ta girma, ta yi karatu, ta dawo aiki a gidauniyar, sunan 'Yar Hoto ya bi ta.

Masifar ta soma ne da sabon Darakta, mijin jikar Kaka, tsohuwar da ta kafa gidauniyar. Babbar shaidar ƙwarewarsa ita ce auren nan. Da taron masu ba da tallafi ya matso, sai ya kira ta.

"Ƙanwata, abu kaɗan ne. Ki cire gilashin nan, ki ɗaura tsohon zane, ki hau dandamali ki ba su labarin ruwan zafi. In kukan ya ƙi zuwa, akwai albasa."

"Yallaɓai, in bayanin rijiyoyi suke so, zan tsaya har ƙafata ta kumbura. Kuka kuwa na gama yi muku tun ina ƙarama."

"Gidan nan ne ya rene ki!"

"Ya rene ni in yi aiki, kuma ina yi."

Shi ke nan! Aka karɓe makullan sito, aka daina kiran ta taro, aka laƙaba mata butulu. Waɗanda ta koya wa aiki suka kamu da ciwon wuya, ba sa iya juyowa su gaishe ta. Darakta ya ce in ba ta hau dandamali ba, ranar taron ce ranarta ta ƙarshe a aiki. Ana cikin haka sai ga Gwaggo, wadda ba ta taɓa leƙo ta ba, ta zo da nasiha.

"Ke 'yar nan, ki yi musu kukan mana, me zai rage ki? Da ba don ni ba, wa zai san ki a duniya?"

"Gaskiya ne, Gwaggo. Hannuna ma bai manta alherinki ba."

Ta faɗa da murmushi, amma da Gwaggo ta fita sai ta lallaɓa bayan injin kwafi ta durƙusa, ta toshe baki da mayafi... Allah sarki, marainiya! Ta yi kuka har numfashinta na sarƙewa, kukan da Darakta zai yi murna da rabinsa. "Ya Allah, Kai ka san ban raina abin da aka yi mini ba. Ka bar mini aikina, kada Ka bari a mai da hawayena kayan talla!" Ta wanke fuska, ta koma teburinta.

Ranar taro aka ba ta aikin raba ruwa a bakin ƙofa. Darakta kuwa ya samo mafita: 'yar Gwaggo, mai kama da 'Yar Hoto a fuska, aka ɗaura wa tsohon zane aka ce ita ce yarinyar hoton. Aka turo Kaka a keken marasa lafiya aka ajiye a gaba don ado, tunda idanunta sun daɗe da rufewa, an kuma ɗauka hankalin ya bi su. 'Yar Gwaggo ta yi kuka mai inganci, manyan baƙi suna ta neman hankici.

Sai Kaka ta ɗaga hannu. "Ku kawo mini yarinyata in taɓa."

Darakta da kansa ya kawo 'yar Gwaggo, ya kara wa Kaka makirufo a baki don kowa ya ji albarkar. Kaka ta shafa hannun dama, ta shafa na hagu, ta sake komawa.

"Wannan hannun bai taɓa ƙonewa ba. Ni na wanke ciwon nan da kaina, na san kowane tabo. Wace ce wannan?"

Darakta ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Kaka, wata 'yar dabara ce ta..."

"Rufe mini baki! Jikata na ba ka, ban ba ka marayuna ba. Ina yarinyata?"

'Yar Hoto ta ajiye tire, ta tako har gaba da gilashinta, kanta a ɗage. Ta durƙusa ta miƙa hannun. Yatsun tsohuwa suka bi tabon a hankali.

"Ke ce... Me ya hana ki hawa?"

"An ce in yi kuka, Kaka. Na ƙi."

"Madalla! Ranar nan ma sai da mai hoto ya matsa miki ciwon kafin ki yi. Na yi shiru, kuma abin bai bar ni ba har yau."

Gwaggo ta sulale ta ƙofar baya, 'yarta na biye, zane na warwarewa. A gaban baƙi Kaka ta sauke Darakta, ta ba shi aikinsa na ƙarshe, wanda shi ne na farko da aka ga ya yi da hannunsa: ya hau kujera ya sauke hoton, ya kinkimi teburin ya mayar ofis, ya miƙa wa 'Yar Hoto makullan sito.

Sai a lokacin 'Yar Hoto ta kifa kai a cinyar Kaka, kuka ya ƙwace mata, na gaske, babu albasa. Mai ɗaukar hoto ya ga abin nema ya samu, ya durƙusa ya saita kyamara... Ba ta ko ɗago ba. Ta miƙa hannun nan mai tabo, ta rufe bakin kyamarar.