Turken Kusurwa a Bargar Farin Dutse

Wata Laraba cikin daminar 1978, bayan la'asar, na ɗaure akwatin kayan aikina a bayan babur, na bar Birnin Kudu na nufi Farin Dutse. Saƙo aka aiko mini wai wutar bargar Alhaji Hambali tana ɗaukewa kullum da magariba. Sai da na yi tsaki, domin ni na ja wayar bargar da hannuna wata biyu kafin nan, kuma aikina ba ya dawowa. A lokacin, daga Surko har Gwaram, in ana zancen wuta sunana, Barau, ake fara kira, duk da a aji biyu aka sallame ni daga makarantar koyon sana'a, ranar da na haɗa wa mariƙin ƙofar ofishin malamai waya.

Alhaji Hambali ɗan kwangila ne da arziki ya zo masa a guje. Ya gina barga ta siminti a bayan gari, ya sa injin wuta, ya sa wa dawakai fanka, abin da ko masallacin garin bai samu ba. Ba a jima ba ya kwashe dawakansa biyar ya koma Kano. Aka bar tsohuwar goɗiya ɗaya da tsoho ɗaya, Bappa Haladu, wanda yake kiwon doki a filin tun bargar tana rumfar kara. Ba mata, ba ɗa. Jummai yake ce wa goɗiyar, kuma da ita yake hira.

Na tarar da shi yana taje mata geza.

"Injiniya, ka iso? Wutar nan taka ta fi ladan sanin lokaci. Rana na faɗuwa, ƙas, sai duhu."

"Bappa, ko dai kai da amaryar taka kuke kashewa don kada a gan ku?"

"Ja'iri. Jummai, kin ji marar kunya ko?"

Abin da ke ɗauke wutar bireka ce, wani baƙin akwati a jikin bango. Aikinta ɗaya: in wuta ta zurara ƙasa, ko ta jiƙaƙƙen bango ko ta jikin mai rai, sai ta katse nan take. Wutar da za ta ja mutum ya yi tsalle ya yi dariya, ita ce take kayar da doki, don ƙafa huɗu gare shi a kan ƙasa mai laima. Saboda Jummai aka sa akwatin.

Na bi soket huɗun da ke bargar ɗaya bayan ɗaya. Na zare fanka, na zare famfon ruwa. Kowacce sai na kwance ta na shinshina, na duba ko fitsari ya tsatsa ta, ko ɓera ya ci waya. A ta uku na sami ginin zanzaro, na kankare, na ce to ga mai laifin. Ta huɗu tana kusurwar gabas, a bushe ƙayau.

Kusurwar nan ina da sirri da ita. Ranar da nake jan waya Bappa ya tafi kasuwar Gwaram. Ƙasar wurin dutse ce, duk inda na buga sandar jan ƙarfen da wayar ƙasa take sauka a kanta sai ta lanƙwashe. Sai na hangi wani tsohon turke a kusurwa, baƙi wuluk, ba a ɗaure komai a jikinsa. Na girgiza shi na tuge, na zura sandar a raminsa, ta shige kamar a cikin tuwo. Na zuba gishiri da gawayi don ramin ya riƙe laima, na sare gindin turken, na kafa kansa a jikin sandar yadda tsoho ba zai gane ba. Har gida ina dariya.

Yanzu ga Bappa ya share kusurwar tas, ya zuba dusa, ya ajiye harawa.

"Wai Bappa, wa kake ciyarwa a nan?"

Ya rage murya. "Baƙo ne. Na tarar da mahaifina yana zuba wa dokinsa. Da magariba yake isowa ya ɗaure, kafin asuba ya kwance. Ba ya taɓa kowa, ba a taɓa turkensa." Ya dubi kusurwar. "Kwanan nan dai dokin ba ya cin dusar."

Na yi dariya, amma ba ta fito da kyau ba.

Ya ɗauki buta. "Taho mu je salla."

"Yi gaba, Bappa. Sai na kama ta da idona."

"In ta faɗi, bar ta a faɗe har in dawo."

Ya shafa wuyan Jummai, ya ce mata yanzu zai dawo, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gero zuwa gari.

Saura ni da ita. Inji yana ta bugawa a ɗakinsa. Kwaɗi sun fara. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da warin man inji. Daga nesa, can ƙasa-ƙasa, aka kira salla.

Ƙas.

Na kunna tocila. Na ɗaga birekar, ta faɗi. Na zare komai daga soket, na sake ɗagawa, ta faɗi. Sau uku. Sai zuciya ta ɗebe ni. A ce akwati ya fi ni wayo? A je Birnin Kudu a ce wuta ta gagari Barau? Na ɗauko guntuwar waya da filaya mai roba, na tsallake birekar, na haɗa shiga da fita kai tsaye. Dabara ce da kowane mai gyaran wuta ya sani, kuma kowa yake rantsuwa bai taɓa yi ba.

Ƙwan fitila ya kama. Na ce, "Jummai, kin ga aikin maza?"

Ba ta kalle ni ba. Ta daina tauna. Kunnuwanta duka biyu suna fuskantar ƙofa.

Kwaɗin sun yi shiru.

Sai na ji kofato a kan dutse. A hankali, irin takun dokin da ya gaji. Ya zagaya bargar sau ɗaya, kamar mai shakkar shiga. Ya tsaya a ƙofa.

Ƙofar a buɗe take. Babu kowa.

Takun ya shigo. A kan yashin da Bappa ya share, sawu ya fara fitowa, kowanne faɗin akushi. Ya wuce ta gabana, na ji ɗumin jiki da warin gumin doki da tsohuwar fata. Sirdi ya yi ƙara. Wani ya sauka.



Sarƙar ɗaure doki ta yi kacau a jikin sandar jan ƙarfen.

Ƙwan fitilar ya koma ja. Shuɗin tartsatsi ya tashi daga kusurwar, sai wata haniniya da ban taɓa jin irinta ba, har kwanon rufi yana karkarwa. Ƙaurin gashi ya cika bargar. Cikin walƙiyar na gan su: doki wanda bayansa ya kusa taɓa rufi, da wani siririn mutum rungume da wuyansa.

Jummai ta durƙushe a kan gwiwa. Jikinta yana rawa, kumfa a bakinta.

Na kai filaya kan wayar. Wayar ta yi ja, ta narke ta manne.

Murya ta zo daidai kunnena, a hankali, ba faɗa a cikinta.

"Wata biyu akwatin nan yana rufa maka asiri."

Filayar ta suɓuce mini.

"Sake shi. Shi kaɗai ya rage mini."

Na damƙi wayar da hannu na fizga.

Ban san yadda na kai bakin kwamin ruwa ba. Na farka a kwance, ga duhu, ga ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Injin ya mutu. Numfashi uku nake ji a bargar ban da nawa. Ɗaya yana gurnani.

Na fara rarrafe.

Hannu mai sanyi ya riƙe mini idon sawu.

"Tsaya ka ga abin da ka yi."

Bismillar da ban yi ba tun safe ita ce ta fito mini. Na zare ƙafata daga takalmin, na bar masa shi, na faɗa cikin gero. Babur ko tunawa da shi ban yi ba.

A tsakiyar gona na yi karo da Bappa. Ya haska fuskata, ya haska hannuna. Bai tambaye ni komai ba. Ya yar da buta ya wuce ni da gudu, tsoho da shi, yana kiran sunan Jummai.

Kafin isha'i Jummai ta cika, kanta a kan cinyarsa.

Washegari da rana tsaka na dawo da hannu a naɗe, na tuge sandar, na mayar da guntun turken raminsa, na faɗa wa Bappa komai. Yatsuna biyu sun ƙanƙame tun daga ranar, ba su ƙara miƙewa ba. Alhaji ya aiko mota aka kwashe inji da fanka, ya ce Bappa ya biyo shi Kano, Bappa ya ƙi. Bai taɓa gaya wa Alhaji abin da na yi ba.

Bayan sati biyu na kai masa goro. Yana zaune a ƙofar bargar.

"Bappa, ka yafe mini."

"Na yafe. Ita ma ba mai riƙo ba ce." Ya juya goron a hannunsa. "Shi ma bai ƙara zuwa ba, ka sani? Ko sawu. A da mu huɗu muke kwana a gidan nan, Barau."

Shekara shida ya ƙara a wurin. Duk Juma'a nakan je in zauna kusa da shi. Bai taɓa korata ba, bai kuma ƙara yi mini hira ba. In rana ta kusa faɗuwa sai ya karkata kunnensa wajen dutse, ni kuma in tashi babur.